Hatimin Gwamnati a Kan Kayan da Ba Ta Duba Ba

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan wani ɗan abu ce wanda faɗinsa bai fi na tsohon kwabo ba, amma ran mutum ya kan rataya a kansa. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, likita ya ce a je a auna bugun zuciya, ya ga yadda a ke kwantar da mutum a ɗora masa waɗansu 'yan faya-fayai guda 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, kowanne da wayarsa zuwa cikin na'ura. Waɗansu masu tsotsar fata ne, waɗansu masu matsewa, waɗansu kuwa mannawa a ke yi a yar bayan an gama. Likitoci suna kiransa ilektirod. Mu a nan bari mu kira shi faifan manni, don kowa ya gane abin da mu ke nufi.

Aikinsa ba ƙarami ba ne. Zuciyar ɗan Adam, duk bugun da ta yi, tana fid da ɗan lantarki, amma kafin ya iso bayan fata ƙarfinsa ya kan zama wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt guda ne kawai, watau kusan kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin batirin tocila. Ga shi kuma saman fatar mutum busasshe ne, ba ya son lantarki ya ratsa shi. Don haka a ke yin tsakiyar faifan da azurfa wadda aka lulluɓe da gishirin azurfa, a sa masa wani mai mai damshi da gishiri a ciki don ya jiƙa fatar, sa'an nan a kewaye shi da ɗanko don ya kama jiki. In man ya bushe, ko ɗankon ya saki, ko ƙarfen ba na kirki ba ne, sai zanen da na'ura za ta fitar ya yi ta rawa, likita ya ga ciwon da babu, ko kuwa ciwon da ke akwai ya ɓuya masa.

Wanda ya fara gyara wannan awo har ya zama abin amfani wani likita ne na Holan, Willem Einthoven, a birnin Leiden, wajen 1903, kuma an ba shi kyautar Nobel a kansa a 1924. A zamaninsa ba faifai, sai dai mara lafiya ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri, na'urar kuwa ta cika ɗaki, sai mutum biyar sun taru kafin ta yi aiki. Daga bokiti zuwa ɗan faifan yau, shekara ɗari da 'yan kai ke nan masu fasaha suna ta gyara, kowa ya ƙara nasa ya je ya karɓi takarda, har takardun da aka rubuta a kan wannan ɗan abu sun kai dubbai. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Akwai kuma babban ɗan'uwansa na ɗakin tiyata. Tun 1926, lokacin da William Bovie da likita Harvey Cushing suka fara aiki da na'urar yanka da tsai da jini ta lantarki a Boston ta Amurka, a kan manna wa mara lafiya wani faffaɗan faifai, galibi a cinya, don lantarkin da ya shiga jikinsa ya sami ƙofar fita. In gefen faifan ya ɗaga, sai lantarkin duka ya matsu a ɗan wurin da ya rage, mutum ya farka daga barcin tiyata da ƙuna a inda ba a yi masa aiki ba.

To, mu mutanen Katsina me ya haɗa mu da wannan? Abu biyu. Na fari, ƙasarmu. Waɗanda suka tsara yawancin waɗannan kaya ba su san bazarar Katsina ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gumi ya hana kowane ɗanko kamawa, ba su kuma san hunturunmu ba, wanda ke busar da mai a cikin leda da zarar an buɗe ta. Na biyu, cutarmu. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego a ƙasar Zazzau, har aka ƙiyasta mace ɗaya cikin ɗari, abin da ba a cika ganin irinsa a duniya ba, kuma likitocin Kano sun ci gaba da binciken a wannan zamani. Ga hawan jini ya zama ruwan dare. Duk waɗannan bayin Allah sai an auna zuciyarsu. Saboda haka in akwai garin da ya kamata a ce wani ɗansa ya zauna ya ƙago faifan da zai jure gumi da ƙura, ya yi araha, to, irin garinmu ne. Kada wani ya ce tatsuniya mu ke yi. A nan maƙwabta, Kamaru, wani saurayi Arthur Zang ya ƙera allon auna zuciya don asibitocin ƙauye, ya sami kyautar Rolex a 2014, ya kuma sami ta injiniyoyin Ingila a 2016. Garin da ya fid da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata ya raina kansa ba.

Yanzu a ce Allah ya ba wani malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko wani ɗalibi a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, basirar yin irin wannan faifai. Abin da zai nema shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira, watau alkawari tsakaninsa da hukuma: shi zai bayyana asirin abin da ya ƙago filla-filla kowa ya karanta, ita kuma za ta hana kowa ƙera shi, ko shigo da shi, ko sayar da shi ba da izninsa ba, har shekara 20. Ciniki ne, kuma jama'a ne ke biya, domin su a ke hana wa. Don haka a ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, ba a ba da takardar sai wani ma'aikaci masani ya zauna da ita. Zai karanta iyakar abin da mai nema ke da'awa, ya tono tsofaffin takardu da littattafai na duniya duka, ya tambaya: wannan sabo ne, ko wani ya riga ya yi? In sabo ne, akwai basira a ciki, ko kuwa kowane ma'aikacin da ya san sana'ar zai iya tunaninsa da safe kafin ya karya kumallo? An bayyana shi yadda wani zai iya bi ya ƙera? Sau da yawa ya kan mai da takardar, ya ce wani ya yi rabin wannan tun shekara kaza, rage da'awarka. A yi ta kai da komowa har a tsaya a kan ɗan abin da ya ke na mai nema ne na haƙiƙa. Wannan ba aikin ƙananan mutane ba ne. Albert Einstein kansa irinsa ya yi a ofishin Bern ta Suwizalan daga 1902 zuwa 1909.

Mu fa? Dokarmu ita ce Dokar Soja mai lamba 60 ta 1970, wadda gwamnatin Janar Gowon ta kafa, ta fara aiki a watan Disamba 1971, kuma ita ce a ke bi fiye da shekara 50. Sashe na 1 ya faɗi magana mai daɗi: sai abu ya zama sabo, ya zama da basira, ya zama mai amfani a masana'anta. Amma ku juya zuwa sashe na 4 ku sha mamaki. Can aka umurci Magatakarda da ya duba ko an cika takardu daidai, ko an haɗa zane, ko an biya kuɗi. In an yi haka, sai ya ba da takarda ba tare da ya bincika ko abin ya cika sharuɗɗan sashe na 1 ba, ba tare da ya duba ko bayanin ya wadatar ba, kai, ba tare da ya duba ko shi kansa ya taɓa ba wani takarda a kan abu iri ɗaya ba. Sa'an nan dokar ta wanke hannunta, ta ce an ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, hukuma ba ta lamunce ingancinta ba. Ba mu muka ƙaga wannan ba, yana nan rubuce, kowane lauya a Katsina zai buɗe muku shafin.

Ashe ke nan ofishin da ke Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki a Abuja yana karɓar kuɗin nema, yana karɓar kuɗin shekara-shekara, yana buga hatimin Tarayyar Nijeriya, amma ba ya leƙa cikin buhun. Mu dai mun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan ɗabi'a gadon mulkin mallaka ce. Turawa sun yi shelar dokar haƙƙin ƙirƙira ga Jihar Arewa tun 1902, watau tun Lugga bai taka ƙafarsa Katsina ba, gama sai a 1903 ya iso. Bayan haɗe Kudu da Arewa aka yi doka guda a 1916, sa'an nan a 1925 aka mai da ita dokar yin rajistar takardun Ingila kawai. Ma'anarta, in ɗan ƙasa ya ƙago abu, sai ya fara kai shi London a duba a ba shi takarda, sa'an nan ya kawo Ikko a shigar cikin littafi. Ko ba a faɗa ba, an san ba don maƙerin Katsina aka yi wannan doka ba, don kamfanonin Ingila aka yi ta. Amma aƙalla a wancan tsari akwai wanda ke dubawa, ko da a London ya ke. Da aka zo 1970 aka yanke igiyar London, ba a ɗaura wata a madadinta ba. Aka ce ba mu da masana. Wataƙila a lokacin akwai ƙanshin gaskiya, gama jami'o'in ƙasar nan duka ba su wuce shida ba. Yau sun haura 200. Da wane baki za a sake kawo wannan hanzari?

Ku dubi ɓarnar ta fuska uku, ko da ya ke ba girmansu ɗaya ba. Ta farko a kan mai ƙirƙira na gaskiya ta ke faɗawa. Ya sayar da gonarsa, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Katsina da Abuja, ya dawo da takarda mai hatimi ana ta yi masa barka. Ran da ya kai ta gaban mai kuɗin da zai zuba jari, ko wani kamfani na waje, tambaya ta fari ita ce wa ya bincika. Ba kowa. Sai su sa lauyansu ya duba, cikin yini guda ya zaro takardar wani Bajamushe ko Bajapane ta shekara 30 da suka wuce, mai zane kusan iri ɗaya. Mun faɗa a baya cewa takardun wannan ɗan faifai dubbai ne, da wuya mutum ya jefa ƙafa bai taka sawun wani ba. Da an duba tun farko, da an ce masa wannan ɓangare tsoho ne, amma ɗankon nan naka mai jure gumi sabo ne, riƙe shi da kyau. Da ya fito da ƙaramar takarda mai ƙarfi maimakon babba wadda iska ke ɗauka.

Ta biyu ta fi muni, domin dokar ta buɗe wa mai wayo ƙofa. Sashe na 2 ya ce haƙƙi na wanda ya riga kai takarda ne, ko shi ne ya ƙago ko ba shi ba ne. A ce wani ɗan kasuwa ya kwafo zanen faifan da a ke amfani da shi tun kafin a haife shi, ya canja masa suna, ya biya kuɗi. Ba abin da zai hana a ba shi hatimi. Daga nan sai lauyansa ya bi masu shigo da kayan asibiti da wasiƙa, ya ce ku daina ko mu haɗu a kotu. Gaskiya ne sashe na 9 ya ba kotu ikon soke takardar banza, amma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin irin wannan ƙara, kuma kowa ya san shekarun da shari'a ke ci da kuɗin da ta ke lashewa. Ƙaramin mai kanti a kasuwar Katsina ba zai ja ba, zai sauke kayan ne daga kanta. Farashi ya hau, kuma mai jegon da aka kawo daga Ɓatagarawa ko Rimi ita za ta biya. Soke takarda bayan shekara biyar ihu ne bayan hari.

Ta uku ita ce ruɗin jama'a, kuma a nan mu ke roƙon masu sayen kaya na asibitocinmu su buɗe kunne. Mutane da yawa, har da masu ilmi, in suka ga an rubuta a kwali cewa abu yana da takardar haƙƙin ƙirƙira, sai su ɗauka gwamnati ta gwada shi ta ga yana da lafiya. Kallon kitse a ke wa rogo. Ko a Amurka da Jamus, inda a ke bincike mai tsanani, mai duba takarda ba ya tambaya ko faifai zai sa fata ƙaiƙayi, ko zai ƙona mara lafiya, wannan aikin wata hukuma ce dabam. A nan ƙasar aikin NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kayan asibiti rajista. Saboda haka takardar Abuja ba ta shaidi lafiyar faifai ba, kuma bisa sashe na 4 ba ta ma shaidi sabuntarsa ba. Me ta shaida ke nan? Cewa an biya kuɗi.

Za a ce mana bincike yana da tsada, yana jawo jinkiri, kuma ba mu kaɗai ke bin wannan hanya ba. Mun ji, kuma ba mu ce ƙarya ba ce. Faransa ta daɗe a kanta har 1968, Afirka ta Kudu ma ta shekara da shekaru tana buga hatimi haka nan. Amma a tambayi Amurka. Ta gwada ba da takarda ba bincike daga 1793, ƙasa ta cika da takardun banza da ƙararraki, har a 1836 ta tuba ta ɗauki masu dubawa. Ingila ta bi sahu da dokar 1902, aka fara binciken a 1905. Indiya kuwa, da ta ƙarfafa dokarta, Kotun Ƙolinta ta iya hana kamfanin Novartis takarda a kan maganin sankaran jini a 2013, talakawa suka ci gaba da samun mai araha. A nahiyarmu ma, Kenya tana dubawa, ofishin Masar har ƙasashen waje ya ke yi wa bincike, Ghana da waɗansu ƙasashe sun haɗa kai suna da ofishi guda a Harare mai masu dubawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, da ba su fi tafiyar sa'a biyu daga Ƙofar Guga ba, in suka kai takarda ɗaya Yawunde ta kan yi musu aiki a ƙasa 17. Nijeriya, giwar Afirka, ba ta cikin ƙungiyar Harare, ba ta cikin ta Yawunde, tana zaune ita kaɗai da hatiminta.

Batun tsada kuma an fi ƙarfinsa. Tun 2005 ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar duniya ta haɗin kai kan haƙƙin ƙirƙira, kuma kowace takarda da ta biyo ta wannan hanya tana zuwa da rahoton binciken da wani babban ofishi ya riga ya yi. Karantawa kawai ya rage, dokarmu ce ba ta ce a karanta ba. Rumbun takardun duniya yana kan intanet kyauta. Hukumar duniya mai kula da wannan sha'ani ta buɗe ofishi a Abuja a 2020. Hukumar NOTAP, wadda asalinta tun 1979 ne, tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida su shigar da takardunsu, mun yaba, amma taimakon shigarwa dabam, hukuncin doka dabam. An sabunta dokar haƙƙin marubuta da mawaƙa, aka sa mata hannu a 2023, ita kuwa ta 1970 an sha kai ƙudurin gyaranta Majalisa yana kwana a can.

Ba mu ce a wayi gari gobe a binciki kowace takarda ba. Mu ke cewa a fara da abin da ke taɓa jikin mutum, magunguna da kayan asibiti. A gyara sashe na 4 yadda ba za a buga hatimi a kan irin waɗannan ba sai masani ya sa hannu. Ofishin ba sai ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba, ga injiniyoyi da likitoci da masana sinadarai a Zariya da Kano da Katsina, a horar da su, a rantsar da su a kan riƙe asiri, a biya su bisa kowace takarda. A kuma riƙa buga kowace buƙata a fili kafin a amince da ita, a ba da 'yan watanni, wanda ya san abin tsoho ne ya kawo shaida a ofis, ba sai ya jira kotu ba.

Kafin a kai ga haka, ga shawara kyauta ga yaranmu masu basira. Dokar ta ce abin da aka riga aka bayyana wa jama'a, da baki ko a rubuce, a ko'ina cikin duniya, ya daina zama sabo. Wanda ya ɗora hoton abin da ya ƙera a Facebook, ko ya baje shi a bikin makaranta don manyan baƙi su tafa, kafin ya shigar da takarda, ya ba abokin gabarsa wuƙar da zai yanka shi da ita a kotu. A shigar tukuna, a yi biki daga baya.

Tsarin Mulki ya sa haƙƙin ƙirƙira cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke iya yi wa doka, don haka Majalisar Jiha ba ta da ta cewa a kan sashe na 4. Amma Gwamnatin Jiha tana da iko a kan abin da ta ke saye: ta rubuta wa kowane asibitinta cewa lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya za a duba, ba kalmar da aka ƙawata kwali da ita ba, ta kuma ba jami'arta kuɗin gwada waɗannan faya-fayai a zafin watan Afrilu, a buga sakamakon kowa ya gani. Su kuwa wakilanmu na Abuja, sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 15, muna da tambaya guda gare su: a cikinsu wa zai tashi ya kai ƙudurin gyaran sashe na 4 a wannan zama? Wanda ya shirya, ya aiko mana da sunansa da ranar da zai gabatar, za mu buga a shafin farko.